Darasin Wannan Wata: Naman Shanu, Halal Ne Ko Haram?

Darasinmu na wannan wata a kan naman shanu yake. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, maza da mata.

Abin da ya jawo darasin

Kwanan baya mun kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a karkara. Bayan an tashi, sai hira ta koma kan watandar Salla. Wani dattijo ya ce shi a cire sunansa, ya daina cin naman shanu. Aka ce, "Baba, lafiya?" Ya ce ya ji an karanta hadisi cewa naman saniya cuta ne, shi kuwa ba zai ci abin da addini ya kushe ba.

Nan take wani magidanci ya kawo tasa damuwar. Ya ce bara da damina sansa na huɗa ya faɗa tsohuwar rijiya. An fito da shi da sauran numfashi, aka yanka, aka sayar da naman. Har yau zuciyarsa ba ta kwanta ba. Halal ya sayar wa mutane, ko mushe?

Waɗannan tambayoyi ba na wasa ba ne. Ɗaya ta shafi abin da muke sa wa a bakinmu. Ɗayar ta shafi dukiyar manomi da haƙƙin maƙwabta. Shi ya sa da muka komo Kano muka duba littattafai, muka shirya wannan darasi.

Amsa a taƙaice

Naman shanu halal ne. Sa, da saniya, da bijimi, da karsana, da maraƙi, duk an halatta cin su. Mazhabobi huɗu na Malik, da Abu Hanifa, da Shafi'i, da Ahmad bin Hambal ba su yi saɓani a kan wannan ba. Amma akwai sharaɗi. Sai an yanka dabbar yadda shari'a ta tsara, kuma ta hanyar halal aka same ta.

Hujja daga Alƙur'ani

A aya ta 1 ta Suratul Ma'ida, Allah Ya halatta mana dabbobin ni'ima, ban da abin da aka keɓe. A Suratul An'am, aya ta 143 da ta 144, an lissafa waɗannan dabbobi. Su ne tumaki, da awaki, da raƙuma, da shanu, kowanne namiji da mace. A wurin ma an zargi mutanen jahiliyya, domin sun haramta wa kansu wasu daga ciki ba tare da hujja ba. Wannan gargaɗi ne gare mu. Haramta abin da Allah Ya halatta ba tsoron Allah ba ne, kuskure ne.

Haka kuma a Suratu Hud, aya ta 69, an ba da labarin Annabi Ibrahim, alaihis salam. Da baƙi suka zo masa, gasasshen maraƙi ya kawo musu. Sura mafi tsawo a Alƙur'ani ma sunanta Baƙara, wato saniya, saboda labarin saniyar da aka umarci mutanen Annabi Musa su yanka.

Hujja daga Sunna

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita. A hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, an kawo wa matan Annabi naman shanu ranar yanka. Ta tambayi dalili, aka gaya mata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ne ya yanka domin matansa. Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, sahabbai sun yanka shanu, saniya ɗaya ga mutum bakwai. Da naman haram ne, da ba a yi ibada da shi ba.

To, ina maganar cewa cuta ne?

Dattijon nan bai yi ƙarya ba, akwai ruwayar. Ta yabi nonon saniya da man shanu, ta kuma siffanta naman da cuta. Amma malaman hadisi sun yi saɓani a kanta. Wasu sun ce ba ta inganta ba, domin ta ci karo da aikin Annabi na ciyar da iyalinsa naman shanu. Waɗanda suka karɓe ta kuma sun yi mata bayani. Sun ce magana ce ta lafiyar jiki, saboda zafi da bushewar ƙasar Hijaz, ko kuma ga wanda ya yawaita ci. Ba su ɗauke ta hujjar haramci ba.

Saboda haka wanda likita ya hana shi jan nama, ya bi maganar likita. Wanda ransa ba ya so, ba dole. Amma kada ya ce wa mutane haram ne.

Wataƙila kun ji a rediyo cewa a Indiya ana rikici kan yanka saniya. Gaskiya ne. Mabiya addinin Hindu suna girmama saniya, kuma jihohi da yawa a can sun hana yanka ta. Wannan dokar ƙasarsu ce, ba hukuncin Musulunci ba. Musulmin can da yawa suna cin naman ɓaunar gida, wadda malaman fiƙihu suke lissafa ta cikin jinsin shanu.

Yadda ake yanka

A ƙasar Hausa mazhabar Imamu Malik muke bi tun kaka da kakanni. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Ga abin da shi da sauran littattafan mazhaba suka tsara:

1. Mai yanka ya zama mai hankali, ya kuma yi niyyar yanka. Yankan mahaukaci, da na wanda maye ya gusar wa hankali, ba ya ciwuwa.
2. Ya ambaci sunan Allah. Yakan ce Bismillahi, Allahu Akbar. In ya manta, naman ya ciwu. In da gangan ya bari, ba a ci.
3. Ya yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini biyu na gefen wuya. Ya bar zakaran wuya a ɓangaren kai.
4. Ya yanka ta gaba. Abin da aka yanka ta ƙeya ba a ci.
5. Kada ya ɗage wuƙa kafin ya gama, ya jima, sannan ya komo.

An so a fuskantar da dabbar alƙibla, a kwantar da ita a gefenta na hagu. An so wuƙa ta yi kaifi ƙwarai, domin Annabi ya yi umarni a kyautata yanka, a hutar da dabba. Kada a wasa wuƙa a gabanta. Kada a ja ta a ƙasa da duka. Kada a fara fiɗa sai ta gama shure-shure, rai ya fita sarai.

Raƙumi sukarsa ake yi a gindin wuya. Tumaki da awaki yanka ake yi. Saniya kuwa yanka ya fi, amma ko an soke ta kamar raƙumi, ta ciwu.

Ga wata magana da mata ya kamata su riƙe. A al'adarmu ana cewa mace ba ta yanka. Wannan al'ada ce kawai. Buhari ya ruwaito labarin wata kuyanga mai kiwon tumakin Ka'abu bin Malik. Ta ga wata tana shirin mutuwa, ta fasa dutse mai kaifi ta yanka ta, kuma Annabi ya ba da izinin ci. Don haka in maigida yana gona, dabba ta kama hanyar mutuwa, uwargida ta ɗauki wuƙa ta yi bismilla. Kada a yi asara wajen neman namiji.

Abin da aka haramta

Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa abubuwan da ba a ci. Akwai mushe, da jini, da naman alade, da abin da aka yanka da sunan wanin Allah. Akwai dabbar da ta shaƙe, da wadda aka buge, da wadda ta faɗo daga bisa, da wadda 'yar'uwarta ta tunkuye, da wadda naman daji ya kama, sai fa in an riske ta an yanka.

Mushe shi ne abin da ya mutu ba yanka. In saniya ta riga ta mutu, ko an bi ta da wuƙa sau goma, mushe ce. Haka wadda igiyar turke ta shaƙe da dare, aka wayi gari ta sandare. Haka kuma duk tsokar da aka yanko daga jikin dabba tana da rai.

Abin da aka yanka don tsafi, ko don iskoki, ko don bori, shi ma haram ne, ko da Musulmi ne ya riƙe wuƙar.

In yunwa ta kai mutum bakin halaka, babu wani abinci ko kaɗan, aya ta 173 ta Suratul Baƙara ta yi masa rangwame ya ci don ya tsira da rai. Amma tsadar nama ba ita ce wannan larura ba. Tsoron asara ma ba ita ba ce.

Sa ya faɗa rijiya, ko mota ta buge shi

Yanzu mu koma kan tambayar magidancin nan. Malaman Malikiyya suna duban abu biyu.

Na farko, an taɓa makasa ko ba a taɓa ba? Makasa su ne wuraren da in sun lalace dabba ba ta rayuwa. Su ne tsinkewar lakar gadon baya ko ta wuya, da fitar ƙwaƙwalwa, da zubowar kayan ciki, da hujewar hanji, da tsinkewar jijiyar wuya. In ɗaya daga cikinsu ya auku, yanka ba ya amfani a mazhabarmu, ko da tana numfashi. Karayar ƙafa ko ta ƙaho ba ta cikin makasa.

Na biyu, akwai alamar rai lokacin yanka? In dabbar ta galabaita har an fid da rai da ita, sai an ga motsi mai ƙarfi, kamar shura ƙafa ko kaɗa wutsiya. Ɗan karkarwar fata bai isa ba. In kuwa lafiyayya ce, kwararar jini ta isa shaida.

Saboda haka in san nan an fito da shi lakarsa ba ta tsinke ba, cikinsa bai fashe ba, ya kuma yi shure-shure da aka sa wuƙa, to halal aka sayar. In abin ya rikice muku, kada ku yanke hukunci ku kaɗai. Ku kira limami da Sarkin Fawa su gani da idonsu kafin a kasa nama.

Saniya mara lafiya

Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe cuta. Shari'a kuma ta hana mutum ya cuci kansa ko ya cuci wani. A nan ne aikin malamin dabbobi ya shigo.

Akwai mugun ciwo da likitoci ke kira antaras, wanda ke kumbura saifar dabba. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja, a Jihar Neja, bayan gwajin da aka yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato. Alamarsa ita ce dabba ta faɗi farat ɗaya. Baƙin jini yakan fito ta hanci, da baki, da dubura, kuma ba ya daskarewa. Gawar takan kumbura da wuri. Ciwon yana kama mai fiɗa, da mai ɗaukar fata, da mai ci, kuma yana kisa. Ƙwayarsa takan yi shekaru da yawa a cikin ƙasa.

In kun ga haka, kada ku yanka, kada ku feɗe, kada ku cire fata. Ku kori yara da karnuka daga wurin. Ku kai rahoto ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku. Su ne za su nuna yadda za a ƙone gawar ko a binne ta da zurfi. Akwai allurar rigakafinsa da ake yi wa shanu shekara-shekara. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Akwai kuma tarin fuka na shanu, wanda ke kama mutane, musamman ta ɗanyen nono. In an feɗe aka ga ƙurarraji masu tauri a huhu ko hanta, a nuna wa malamin dabbobi. Nama kuma a dafa shi ya nuna har ciki, domin wanda bai dahu ba yana kawo tsila. Dabbar da aka yi wa allurar magani kwanan nan, a tambayi wanda ya yi allurar kwana nawa za a jira kafin a yanka.

Mun san zafin abin. Sa guda na iya zama jarin gida gaba ɗaya. Amma wanda ya kasa naman da ya san yana da cuta, ya sayar wa maƙwabtansa, ya sauke asararsa a kan 'ya'yan wasu. Annabi ya nesanta kansa daga mai algus.

Jini, hanta, ganda da ɗan tayi

Jinin da ya kwarara wajen yanka haram ne, kuma najasa ne. Ba a tara shi a dafa. Ɗan abin da ya rage a cikin tsoka da jijiyoyi kuwa ba kome. Hanta da saifa halal ne. Haka tumbi, da hanji, da ƙoda, da harshe, da tozo, da kai, da ƙafa. Ganda halal ce in fatar yankakkiyar dabba ce. Gandar mushe mushe ce, don haka a san inda aka saye ta.

In an yanka saniya aka sami ɗan tayi matacce a cikinta, Malikiyya sun ce yankan uwar ya isar masa da sharaɗi biyu: halittarsa ta cika, kuma gashi ya tsiro masa. In ya fito da rai, sai an yanka shi daban. Duk da haka, yanka saniya mai ciki asara ce ga makiyayi da ƙasa. A sa wanda ya sani ya duba ta kafin a kai ta mahauta.

Naman kasuwa

Wani zai ce, "Ni ban ga yanka ba, yaya zan yi da tsire, da balangu, da kilishi?" Buhari ya ruwaito cewa an yi wa Annabi irin wannan tambaya, game da naman da sababbin shiga Musulunci ke kawowa. Ya umarce su su ambaci sunan Allah su ci. Wato naman kasuwar Musulmi halal ake ɗaukarsa, sai in wata shaida ta bayyana. Ba a son wasuwasi. Yankan Kirista da Bayahude ma aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta shi, matuƙar yanka aka yi sosai, ba a kuma kira sunan wanin Allah ba.

Amma a buɗe ido. A babbar mayankar Kano, wadda ake kira Abbatuwa, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne duba dabba da nama. A ƙauye kuwa Sarkin Fawa da amanar mahauci su ne madogara. Ku sayi nama wurin wanda kuka sani. Ku yi hattara da naman da aka shigo da shi da dare, ko mai arahar da ta wuce hankali. Ku tuna naman jakin gida haram ne, Annabi ya hana shi a yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira.

Sai maganar sata. Satar shanu ta tagayyara makiyaya da manoma da yawa a Zamfara, da Katsina, da Kaduna, har da yankin dajin Falgore a kudancin Kano. Saniyar sata ba ta zama halal ga ɓarawo don ya yi bismilla. Wanda ya saya yana sane, shi ma ya shiga cikin laifin. In za ku sayi sa, ku je kasuwa a fili, kamar Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis. Ku saya ta hannun dillalin da aka sani, a gaban shaidu, ku karɓi takarda.

Layya da watanda

Ana layya da sa ko saniya. A mazhabar Malik sai ta cika shekara 3 ta shiga ta 4, kuma ba ta da aibi kamar makanta, ko gurgunta, ko ciwo bayyananne, ko muguwar rama. Rago ya fi falala a wurin Malikiyya. Sun kuma ce ba a haɗa kuɗi a sayi dabbar layya ɗaya, amma maigida na iya sa iyalin da yake ciyarwa a gidansa cikin lada. Sauran mazhabobi uku sun yarda mutum 7 su yi tarayya a saniya ɗaya, saboda hadisin Jabir da muka ambata. Wanda yake son bin wannan, ya tuntuɓi malaminsa.

Watanda kuwa daban take. Mutane ne suke haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa daidai, kowa ya kai wa iyalinsa. Halal ce, kuma taimakon juna ce, ko mutum 20 ne suka haɗu. Sai dai ba ta zama layya ba. A yi adalci wajen kasawa, kada a fifita mai baki a kan mai kunya.

Abubuwan tunawa

1. Naman shanu halal ne, da Alƙur'ani, da Sunna, da haɗuwar malamai.
2. Yanka shi ne sunan Allah, da yanke maƙogwaro da jijiyoyi biyu, ta gaba.
3. Abin da ya mutu kafin wuƙa mushe ne.
4. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya da baƙin jini, ba a feɗe ta.
5. Naman sata da na tsafi haram ne.

Tambayoyi domin aji

1. Wace sura ce ta lissafa dabbobin ni'ima guda huɗu? Rubuta sunayensu.
2. Mene ne hukuncin wanda ya manta bai yi bismilla ba wajen yanka?
3. Kawo makasa guda uku.
4. Mace tana iya yanka? Kawo hujja.
5. Mene ne bambancin layya da watanda?

Malamin aji ya sa kowane ɗalibi ya rubuta amsa a littafinsa, sannan a tattauna tare. Abin da ya shige muku duhu, ku kai wa limamin garinku, domin matambayi ba ya ɓata. Ga dattijonmu kuma muna cewa: Baba, a mai da suna cikin watanda, a ci nama da bismilla.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mana dabbobinmu, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.